Yadda za ka zaɓi na'urar GPS mai araha don jirgin ruwa mai tafiya da iska

Ƙaramar GPS ta aljihu da ake sayarwa dala 150 da babbar na'ura ta dala 3,000 da ake girkewa a gaban matuƙi, taurarin ɗan Adam ɗaya suke saurare. Ka ajiye su gefe da gefe a kan jirgi, bambancin wurin da za su nuna maka ba zai wuce 'yan mitoci ba. Haka abin yake tun watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina gurɓata siginar da fararen hula ke kamawa da gangan. Kafin nan kuskure yakan kai mita 100, bayan nan ya sauko ƙasa da 10. Wanda ya ƙara kuɗi a yau, girman allo ya saya, da haskensa, da juriyar ruwan gishiri, da damar jona na'urar da sauran kayan jirgi. Sanin inda yake kuwa, mai ƙaramin ƙarfi ma ya samu.

Abin da ke kai jirage kan dutse a wannan zamanin abu uku ne: taswira ta tsufa ko an karanta ta ba daidai ba, wuta ta ƙare, ko kuma duk na'urorin da ke cikin jirgin sun mutu lokaci guda saboda hanya ɗaya suke shan wuta. Nan ya kamata kuɗinka ya fara zuwa. Don maganar ta zauna, mu ɗauki jirgi mai tsawon mita 9 zuwa 10, mai batir biyu da mutum biyu ko uku, wanda ke fita daga Legas zuwa Kwatano, wani lokaci har Tema ta ƙasar Ghana.

Mataki na 1: Rubuta tafiyar da za ka yi, ba wadda kake mafarki ba

Wanda yawonsa bai wuce Tarkwa Bay da cikin tafkin Legas da rana ba, wayarsa cikin jakar da ruwa ba ya shiga ta ishe shi, sai ƙaramar GPS a ajiye. Wanda zai kwana a teku lissafinsa daban ne.

Daga Legas zuwa Kwatano kimanin mil 60 ne na teku, kowane mil mita 1,852. Jirgi irin namu yana cin kamar mil 5 a awa, wato awa 12 idan komai ya tafi daidai. Tema ta haura mil 200. Amma ba kasafai komai ke tafiya daidai ba idan an nufi yamma, domin a wannan gaɓar iska ta fi zuwa daga kudu maso yamma, ruwan teku kuma yana gangarawa gabas. Dukansu biyu suna gabanka. Dole ka riƙa karkata hagu da dama, tafiyar awa 40 ta koma ta 60 ko fiye. Duk tsawon wannan lokacin inji a kashe yake, babu abin da ke caza batir sai sola. Jirgin a karkace yake, feshin gishiri na sauka a wurin tuƙi. Mai jirgin inji bai san wannan damuwar ba, shi ya sa shawararsa kan na'ura ba lallai ta dace da kai ba.

Ka rubuta abu huɗu a takarda: nisan da za ka yi daga tudu, ko za ka kwana, mutum nawa ne za su karɓi tuƙi, da tashoshin da za ka shiga. Da wannan takardar za ka je kasuwa.

Mataki na 2: Zaɓi taswira kafin na'ura

Yawancin mutane suna juya wannan tsarin. Sai sun sayi na'ura sannan su gano babu taswirar kirki ta yankinsu da take karantawa, ko kuma katin taswirar ya kusa rabin kuɗin na'urar. Kowane kamfani da irin katin da yake karɓa. Na'urorin Garmin taswirar gidansu kawai suke ci, kuma Garmin ta saye Navionics, kamfanin taswirar teku, tun 2017. B&G da Simrad da Lowrance 'yan gida ɗaya ne da C-MAP, wanda shi ma kamfanin taswira ne, suna kuma karanta Navionics. Raymarine tana karanta nata da na waɗannan biyun. Shafukan Navionics da C-MAP suna barin mutum ya leƙa taswira kafin ya biya. Ka zuƙo mashigar Legas, ka zuƙo Kwatano da Lome da Tema, ka ga wanne ne ya fi yawan lambobin zurfi, wanne ne ya san sababbin gine-gine.

Wannan gaɓar tana sauya kama da sauri. Gefen katangar duwatsu ta gabas a bakin mashigar Legas, inda tsohuwar taswira ke nuna teku, yanzu Eko Atlantic ce a tsaye. Tashar Lekki mai zurfi ta fara aiki a 2023, sabon ɓangaren tashar Tema a 2019. Bututun iskar gas na Afirka ta Yamma yana kwance a ƙasan teku daga Legas har Takoradi, da rassa zuwa Kwatano da Lome da Tema, kuma a 2012 ankar wani jirgi ta fasa shi a kusa da Lome. Wuraren da aka hana jefa anka, da gawarwakin jirage da suka nutse, taswira ce kaɗai za ta gaya maka su. Tsofaffin taswirorin lantarki na CM93 da ake ta kwafa wa juna kyauta ba su san rabin waɗannan ba. Araha ba ta ado, a nan kam har rai takan ci.

Akwai tarkon da ke cikin taswirar lantarki ita kanta. Idan ka nisanta hoton don ka ga hanya gaba ɗaya, manhajar tana ɓoye ƙananan bayanai don allo kada ya cunkushe, wani lokaci har da tsibiri ko dutse. Ranar 29 ga Nuwamba 2014, jirgin tsere na Team Vestas Wind, a gasar zagaya duniya ta Volvo, ya hau duwatsun murjani na Cargados Carajos a arewa maso gabashin Mauritius, da dare, yana gudun kusan mil 19 a awa. Ƙwararru tara ne a ciki, da kayan aikin da babu mai karatun nan da zai iya saye. Duwatsun suna cikin taswirarsu, sai dai ba sa fitowa sosai a girman da ake kallonta. Duk sun tsira, jirgin ya ragargaje. Saboda haka duk hanyar da ka zana, ka zuƙo ta sosai ka bi ta da ido daga farko zuwa ƙarshe kafin ka kwance igiya. Ƙaramin allo ya fi jefa mutum cikin wannan kuskuren, domin yana tilasta maka nisanta hoto.

Sai taswirar takarda. Ka sayi aƙalla ɗaya da ta ɗauki hanyar duka, da ta kowace tasha da za ka shiga. Ofishin Birtaniya mai buga taswirorin Admiralty ya sanar a 2022 cewa zai daina buga na takarda, daga baya ya ɗage zuwa aƙalla 2030, don haka har yanzu ana samu. Ka duba rubutun da ke ƙarƙashin sunanta abu biyu. Na farko shekarar da aka auna zurfin wurin, domin wasu sassan gaɓar Afirka awonsu ya daɗe ƙwarai, kuma taswirar lantarki daga wannan tsohon awon aka kwafo ta, kyan launinta bai sabunta shi ba. Na biyu ma'aunin da aka ɗora ta a kai, wato tsarin da aka bi wajen lissafa lambobin wuri. GPS tana aiki da WGS84. Tsofaffin taswirorin Najeriya da yawa a kan ma'aunin Minna suke, kuma tsakanin biyun akwai gomman mitoci. A tsakiyar teku wannan ba komai ba ne. A bakin mashiga da dare, shi ne tsakanin ruwa da dutse.

Mataki na 3: Yi lissafin wuta

Batirin jirgi mai bolt 12 da aka rubuta wa 100Ah, wato yawan wutar da yake ajiyewa, idan irin na dalma ne, rabinsa kawai za ka iya sha ba tare da ka rage masa kwana ba. Kana da 50 ke nan. Na'urar taswira mai inci 7 tana jan kusan amfiya ɗaya idan haskenta ya cika, wato wajen 20 a yini da dare. Mai inci 12 tana jan ninki biyu ko uku, ita kaɗai ta cinye batirin. Ga fitilun dare, ga rediyo, ga na'urar tuƙi da kanta idan akwai, ga firji ga mai shi. Farantin sola mai wat 100 yakan mayar da 25 zuwa 30 a rana mai kyau, ƙasa da haka idan filafilai sun yi masa inuwa ko hazo ya rufe sama.

Lissafin nan shi ne ke yanke girman allo, ba aljihu kaɗai ba. Ga jirgi mai mita 9 ko 10, inci 7 ya wadatar. Idan kuɗi ya ragu, ƙarin farantin sola ya fi ƙarin inci amfani. Batirin tayar da inji kuma a ware shi, kada a jona masa komai.

Mataki na 4: Zaɓi babbar na'urar aiki

Hanya uku ce, kowace da inda take ciwo. Farashin da zan ambata na kasuwannin Turai da Amurka ne, a kan kimantawa, ba a haɗa da kuɗin dako da na kwastan ba.

Ta farko, tabilet ko waya da manhajar taswira. Ita ce mafi sauƙin kuɗi: tabilet na Android na dala 150 zuwa 250, jakar kariya daga ruwa, da kuɗin taswira na shekara. Kafin ka biya, ka tabbata akwai GPS ta gaske a cikinsa. Wannan ya fi shafar iPad, domin wanda aka yi don Wi-Fi kaɗai ba shi da ita, sai mai ɗaukar layi, kuma ba sai ka sa masa layin ba kafin ta yi aiki. A cikin gari ba za ka gane bambancin ba, domin yana ƙiyasta wurinsa daga Wi-Fi na maƙwabta. Sai ka fita teku ya tsaya cak. Wanda ya riga ya sayi marar GPS zai iya ƙara masa ta waje mai Bluetooth, irin Garmin GLO. Ka sauke taswirar yankin gaba ɗaya tun kana tudu, domin 'yan mil kaɗan daga gaɓa sabis yake ɗaukewa. Ka kuma duba ranar da kuɗin shekararka zai ƙare, wasu manhajojin suna rufe taswira da zarar ya ƙare.

Aibin tabilet rana ce da gishiri. Hasken allonsa kusan rabin na na'urar girke ne, da tsakar rana sai ka kāre shi da hannu kafin ka ga komai. Idan ya yi zafi yakan kashe kansa, kuma a wannan yankin zafi ba baƙo ba ne. Jiƙaƙƙen yatsa ba ya tafiya da allon shafawa. Ramin caji yana tsatsa, wayoyi da yawa ma suna ƙin karɓar caji idan sun ji danshi. Tabilet na da kyau ƙwarai a cikin ɗakin jirgi, wajen zana hanya. A wurin tuƙi, cikin ruwan sama da dare, ba abin dogaro ba ne shi kaɗai.

Ta biyu, na'urar taswira ta girke. Mai inci 7 daga manyan kamfanoni tana kamawa daga dala 500 zuwa 900, ban da katin taswira. B&G Vulcan don masu tafiya da iska aka yi ta, tana zana maka layin da ya kamata ka juya a kai idan kana fuskantar iska, amma wannan sai an jona mata ma'aunin iska, wanda shi ma kuɗi ne. Garmin ECHOMAP masu kamun kifi aka fi nufa da ita, sai dai tana da irin mai maɓallai, ga ma'aunin zurfi a haɗe. Akwai na kamfanin Onwa masu rahusa, wasunsu da AIS a ciki, wato na'urar da ke nuna jiragen da ke kusa da kai. Ni dai ina fifita maɓalli a kan allon shafawa zalla, saboda ranar da ka fi buƙatar na'urar ita ce ranar da komai ya jiƙe. Ka nemi alamar IPX7, ma'anarta na'urar za ta jure nutsewa mita ɗaya na minti 30. Ka kuma kula da wannan: wadda aka shirya wa kasuwar Amurka takan zo da taswirar gaɓar Amurka a ciki, an kuma ɗora kuɗinta a kan farashi. Ba ta da amfani a Legas. Ka nemi marar taswira, ka sayi katin Afirka ta Yamma daban.

Ta uku ta masu son haɗa abu da hannunsu ce: tsohuwar kwamfutar cinya ko ƙaramar kwamfutar nan ta Raspberry Pi, da manhajar OpenCPN wadda kyauta ce, da ƙaramar eriyar GPS mai USB irin GlobalSat BU-353 ta dala 30 zuwa 50. Tana yin abin da na'urar dala dubu ke yi. Sharaɗin shi ne ka fara tabbatar da akwai halastacciyar taswira sabuwa ta yankinka da take karantawa, kuma ka yarda cewa kai ne makanikenta idan ta tsaya a tsakiyar dare. Wurinta cikin ɗaki, nesa da feshi.

A kowace hanya, ka zaɓi na'urar da ke kama fiye da taurarin Amurka. Akwai GLONASS ta Rasha, Galileo ta Turai da ta fara aiki a 2016, da BeiDou ta China da ta kammala a 2020. Taurari huɗu ake buƙata don a san wuri, amma yawansu yana da amfani na musamman a nan. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, sararin sama na can ƙoli yakan hargitse bayan faɗuwar rana, siginar wasu taurarin ta yi rauni ko ta yanke na ɗan lokaci. Mai sauraron taurari 25 ba ya jin ɓacewar biyar kamar mai sauraron takwas. Kusan duk na'urorin 'yan shekarun nan, har da wayoyi masu araha, suna da wannan. WAAS da EGNOS da ake rubutawa a kwali kuwa gyaran sigina ne na Arewacin Amurka da Turai, kada su ja ka.

Ga jirginmu na Legas zuwa Tema, da ni ne, na'urar girke mai inci 7 zan sa a wurin tuƙi, wayar da ke aljihuna ta ɗauki taswira ta biyu daga wani kamfanin daban. Inda taswirorin biyu suka saɓa, nan ne wurin da zan ba tazara. Idan kuɗi bai kai ba, tabilet a ɗaki da GPS ta aljihu a wurin tuƙi sun kai mutane da yawa inda za su.

Mataki na 5: Ta biyun kada ta sha wuta inda ta farko ke sha

Na'ura biyu da ke rataye a batir ɗaya, na'ura ɗaya ce. Fis ya ƙone, ruwa ya shiga wurin batir, ko tsawa ta sauka kan jigon da ke ɗauke da filafilan jirgi, duk sun tafi tare. Jigon nan na ƙarfe shi ne abu mafi tsawo a kan teku, kuma guguwar farkon damina da ta ƙarshenta a wannan gaɓar da tsawa take zuwa.

Maganin yana da arha: ƙaramar GPS ta aljihu mai cin batir AA biyu. Garmin GPS 73 da GPSMAP 79 duk suna yawo a kan ruwa idan sun faɗa, kuma batir biyu na kai su kimanin awa 18. Ko eTrex ta masu yawon daji ta yi, sai dai ita tana nutsewa, a ɗaura mata igiya. Ba sai tana da taswira ba. Lambobin latitud da longitud kawai kake so daga gare ta, ka ɗora su kan taswirar takarda da fensir. Ka zuba mata zangunan hanyar tun a tudu, ka cire batir ɗin don kada ya zubar da ruwa ya cinye ta, ka sa ta da kwalin batir sabo cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi. Gwangwanin yana rage mata haɗarin tsawa.

Akwai kuma abin da ya fi mutuwar na'ura haɗari, wato ta ci gaba da nuna wuri alhali ƙarya take. A watan Yunin 1995 jirgin fasinja Royal Majesty ya taso daga Bermuda zuwa Boston da mutum sama da 1,500. Kebul ɗin eriyar GPS ya cire jim kaɗan bayan tashi. Na'urar ta koma ƙiyasi da gudu da alkibla, ta ci gaba da ba da lambobi, ma'aikata suka ci gaba da yarda da ita fiye da yini guda, har jirgin ya kafe a tudun yashi kusa da Nantucket, mil 17 daga inda suke zaton suna. A yau kuma an ƙara da masu toshe sigina da masu aika ta bogi, abin da jirage ke yawan kai ƙara a kansa a Bahar Maliya da Bahar Aswad da tekun Baltic. Idan aka yi wannan, GPS ɗinka uku duk ƙarya ɗaya za su yi maka. Masu ƙaryata su abu biyu ne da ba ruwansu da tauraro: kamfas na maganaɗisu da ma'aunin zurfi. Taswira ta ce mita 20, ma'auni ya ce 6, ma'aunin za ka bi. Kowace awa ka rubuta lokaci da wuri da alkibla da gudu a littafi. Ranar da allo ya yi baƙi, daga layin ƙarshe na littafin za ka ci gaba.

Mataki na 6: Rediyo da AIS

A wajen mashigar Legas manyan jirage ne jibge suna jiran layi, wasu na shiga wasu na fita. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana sauka har teku, wani lokaci ba ka ganin abin da ya wuce mil ɗaya ko biyu. Jirgin dakon kaya mai gudun mil 15 a awa yana cin mil 5 cikin minti 20, kai kuma da iska kake tafiya, ba ka da saurin kaucewa. A nan AIS ke biyan kuɗinta. Doka ta wajabta wa jiragen da suka kai tan 300 masu zirga-zirga tsakanin ƙasashe su riƙa watsa sunansu da wurinsu da alkiblarsu da gudunsu. Na'urarka ta kama, ta lissafa maka yadda za ku kusanci juna da lokacin da hakan zai faru, ta ba ka sunan jirgin ka kira shi a tasha ta 16 ta rediyo.

Hanya mafi sauƙi ita ce rediyon VHF da ya zo da GPS da makamar AIS a ciki, kamar Standard Horizon GX2400. Da kuɗi ɗaya ka sami rediyo, da ƙarin GPS, da AIS, a kan eriya ɗaya. Wannan kai ne kake ganinsu, su ba sa ganinka. Mai watsawa, wadda ake kira aji B, daga dala 500 take farawa, ana iya jinkirta ta zuwa wata shekarar. Idan za ka saye ta, ka nemi mai maɓallin yin shiru. Fashin teku a mashigin Gini ya yi ƙamari a 2020 kafin ya lafa, kuma akwai wuraren da mutum ba zai so kowa ya san inda yake ba.

Rediyon yana da jan maɓalli na neman agaji wanda ke aika wurinka kai tsaye, amma ba ya aiki sai an sa masa lambar MMSI mai alƙaluma tara. Ana samunta tare da lasisin rediyo a ƙasar da jirgin ke da rajista. Ta Najeriya tana farawa da 657, ta Ghana da 627. Kwale-kwalen masunta da tarunansu ba sa fitowa a AIS, kuma sun fi manyan jiragen yawa a wannan gaɓar, don haka ido yana nan a bakin aikinsa. Manhajojin waya masu nuna jirage ta intanet kuma na kallo ne daga gida. Bayaninsu yana makara, da shi ba a kauce wa karo.

Kafin ka biya, ka duba yaren da na'urorin ke magana da juna. Tsohon shi ne NMEA 0183, na siraran wayoyi da ake haɗawa ɗaya bayan ɗaya. Sabon shi ne NMEA 2000, kebul ɗaya da kowa ke jonawa. Rediyo mai wannan da na'urar taswira mai wancan sai an sa musu tafinta a tsakani, kuɗinsa kuma yakan cinye rarar da ka yi murnar samu.

Mataki na 7: Idan tokumbo za ka saya

Ana samun alheri a nan, domin masu kuɗi suna cire na'ura mai lafiya don kawai sabuwa ta fito. Ka kunna ta a fili, ka jira ta kama taurari, ka duba kwanan watan da ta nuna. Agogon makonni na GPS yana cika ya koma sifiri duk bayan mako 1,024, na baya-bayan nan ya faru ranar 6 ga Afrilu 2019, kuma wasu tsofaffin na'urori tun daga ranar suke nuna shekarar da ta wuce da kusan 20. Wurin da suke nunawa yana iya zama daidai, amma lissafin cikowar teku da janyewarsa ya lalace. Ka duba bakin kebul ko ya yi kore, da gefen allo ko akwai tururi a ciki. Ka tambaya ko har yanzu ana sayar da katin taswirar da take ci, wannan ne ke kashe yawancinsu. Kebul ɗin wuta da marfin rana da abin girkewa su zo tare, domin sayensu ɗai-ɗai tsada ne.

Mataki na 8: Girkewa da gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka girke na'urar inda matuƙi zai gani ba tare da ya saki sitiyari ba, kuma inda igiyoyin filafilai ba za su fizge ta ba. Ka nisanta ta da kamfas gwargwadon tazarar da aka rubuta a littafinta. Tabilet ma haka, domin marfinsa da lasifikarsa suna da maganaɗisu, suna karkatar da allurar kamfas ba tare da kowa ya lura ba. Jirgin roba eriyar cikin na'ura ta ishe shi. Na ƙarfe yana buƙatar eriyar waje, a ɗaura ta ƙasa ƙasa a shingen ƙarfe na bayan jirgi. Kada a kai ta ƙolin jigo, can lilo ya fi yawa, sai gudu da alkiblar da take nunawa su riƙa tsalle. Wayar wuta ta zama mai rufin kuza irin ta jirgi, da fis nata na kanta kusa da batir.

Sannan ka daidaita duk na'urorin su yi magana iri ɗaya: WGS84, mil na teku, zurfi da mita, wuri kuma da digiri da minti da ɗigon minti. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Minti 23.50 daban yake da minti 23 da daƙiƙa 50. Tsakaninsu ya haura mita 600, kuma mutum yana kwafe lamba daga wata na'ura zuwa wata bai san ya sauya ba. Idan za ka sa zango, kada ka ɗora shi a kan alamar ruwa ko bakin katanga daidai, ka ja shi gefe inda ruwa ke da zurfi. Na'urar za ta kai ka inda ka ce mata, har ka daki abin.

Gwajin farko a yi shi da rana, a wurin da ka sani. Ka bi ta gefen katangar mashiga ka ga ko allo ya ajiye ka a gefen da kake. Ka kwatanta alkiblar da kamfas ya nuna da wadda GPS ta rubuta a matsayin COG. Ta farko inda hancin jirgi ke kallo ce, ta biyu inda jirgin yake tafiya a zahiri, bambancinsu kuwa shi ne abin da ruwa da iska ke sace maka. Ka kunna ƙararrawar anka da ta ƙarancin zurfi ka ji ko ƙararsu na tayar da mai barci a ɗaki. Ka rage hasken allo ka koyi inda maɓallin yake, domin wanda ya bar shi a hasken dare, da safe ba zai ga komai ba balle ya gyara. Daga ƙarshe ka kashe babban makunnin wutar jirgin gaba ɗaya, ka miƙa wa abokin tafiyarka gwangwanin nan da fensir da taswirar takarda, ka ce ya mayar da ku tasha. Inda ya tsaya yana tambaya, ku sake bi tare kafin fita ta gaba.